Barcin daƙiƙa huɗu-huɗu: shin mutum ma zai iya?

Tambaya:

Dakta, barka da ƙoƙari. Ni ɗalibi ne, kuma ina aikin dare kwana uku a mako don in riƙe kaina. Barcina bai wuce awa biyar ba, wani lokaci ma huɗu, amma ni dai ban ga abin da ya same ni ba. Kwanaki na karanta cewa masana sun gano wani tsuntsu da ke barcin daƙiƙa huɗu-huɗu kuma yana nan lafiya lau. Na kuma taɓa karanta cewa barci wanke ƙwaƙwalwa yake yi, sai daga baya na ga an ce wani bincike ya rushe maganar. To wanne ne gaskiya? Kuma zan iya sabar wa jikina da ɗan gyangyaɗi nan da can a maimakon dogon barci?

Amsa:

Ƙanena, sannu da fama, Allah ya sa albarka a karatun da neman. Labarin tsuntsun nan gaskiya ne. Rigimar wanke ƙwaƙwalwa ma gaskiya ce, kuma har yanzu masana ba su raba gardama ba. Sai dai babu ko ɗaya a cikin biyun da ya ba ka izinin ci gaba da barcin awa huɗu ko biyar. A duk abin da ka rubuta kuwa, inda ya fi tsaya mini a rai shi ne da ka ce ba ka ga abin da ya same ka ba. Za mu zo wurin, amma bari mu fara da tsuntsun, tunda shi ya ɗauki hankalinka.

Fengwin ne, irin mai siririn baƙin layi a ƙarƙashin haɓa, wanda ke ƙyanƙyasa a yankin Antatika. Masu binciken, ƙarƙashin Paul-Antoine Libourel na Faransa da Won Young Lee na Koriya ta Kudu, sun je tsibirin King George suka sa wa tsuntsaye 14 masu kwanci na'urar da ke auna motsin wutar ƙwaƙwalwa, suka fitar da sakamakon a mujallar Science a ƙarshen 2023. Halin da tsuntsun ke ciki ya kamata ka fara dubawa. Namiji da mace karɓa-karɓa suke yi: ɗaya ya tafi teku neman abinci, wani lokaci kwana da kwanaki, ɗayan ya zauna a kan ƙwai shi kaɗai. A sama ga wani tsuntsu mai suna skua yana shawagi, jira kawai yake a yi sake ya sure ƙwan. A gefe ga maƙwabta rututu, hayaniya ba dare ba rana, wannan ya ratsa ta gabansa, wancan ya sace masa tsakuwar sheƙa. Duk wanda ya saki jiki ya yi barcin minti goma a nan, yana iya farkawa ya tarar da sheƙa wayam. Saboda haka ƙwaƙwalwar ta gutsuttsura barcin: ido ya lumshe, alamun barci mai nauyi su bayyana a na'ura, bayan kamar daƙiƙa 4 ido ya buɗe. Haka ake ta yi, fiye da sau 10,000 a kwana guda. Wani lokaci ɓangarorin ƙwaƙwalwar biyu ne ke nutsewa tare, wani lokaci ɗaya ne, ɗayan yana gadi.

To yanzu ɗauki alƙalami. Daƙiƙa 4 sau 10,000 daƙiƙa 40,000 ke nan, wato awa 11 da 'yan mintoci. Wannan shi ne lissafin da masu kanun labarai ba su cika sa shi a gaba ba. Kai kana neman hanyar rage barci, shi kuwa wanda kake son koyi da shi yana yin ninkin naka har da ɗoriya. Bayan haka, binciken bai auna kai tsaye ko irin wannan barcin yana wartsakar da tsuntsun kamar dogon barci ba. Abin da aka gani shi ne suna rayuwa a haka suna kuma ƙyanƙyashe 'ya'yansu, daga nan aka fahimci cewa lallai yana yi musu wani amfani. Wani abin da ya ba masu binciken kansu mamaki: tsuntsayen da ke bakin gefe, inda skua ya fi kai hari, sun fi na tsakiya samun barci mai tsawo da nauyi. Da alama fitinar maƙwabci ta fi ta maƙiyi hana barci.

Akwai dabbobin da suke rage barcin da gaske, kuma sun fi fengwin dacewa da hujjar da kake nema, don haka bari in kawo maka su da kaina. Tsuntsun firigeti na tsibiran Galafagos yana iya kwana 10 a sama bai sauka ba, domin gashinsa yana jiƙewa, in ya sauka a kan teku ya shiga uku. Niels Rattenborg da abokan aikinsa sun nuna a 2016 cewa yana barci yana tashi, galibi da rabin ƙwaƙwalwa, yayin da iska mai ɗumi ke ɗaga shi yana kewayawa. Jimillar barcinsa a sama kusan minti 42 ne a kwana. Da ya dawo ƙasa kuwa, sai ya riƙa zuba barcin sama da awa 12. Haka wata ƙatuwar dabbar teku, sil mai hanci kamar na giwa, ta gaɓar Kalifoniya. Jessica Kendall-Bar ta nuna a 2023 cewa a watanni bakwai da take yi a teku, barcinta kusan awa 2 ne a kwana. Takan nutsa can ƙasa, nesa da manyan kifayen da ke farautarta kusa da saman ruwa, ta riƙe numfashi, ta yi barcin da bai kai minti 20 ba. In ta shiga matakin da jiki ke sakewa gaba ɗaya, sai ta kife rigingine ta riƙa juyawa tana gangarawa ƙasa a hankali, har an auna wata a zurfin mita 377 tana barci. Ita ma in ta fito tudu, fiye da awa 10 take yi.

Giwa ce kaɗai a cikinsu za ka ce ta ɗan ba ka gaskiya. A wani bincike da aka buga a 2017, an bi wasu manyan giwaye mata biyu a gandun dajin Chobe na Botsuwana har kwana 35, aka ga barcinsu kamar awa 2 ne a kwana, kuma sukan yi har awa 46 ba su runtsa ba. Amma giwa biyu ne rak, kuma ba ƙwaƙwalwarsu aka auna ba. Na'urar motsi aka dasa musu a hanci, in hancin ya yi minti biyar bai motsa ba sai a rubuta barci. Ni ina ɗaukar wannan a matsayin alama mai kyau, ban ɗauke shi hukunci ba.

Abin da ya haɗa duk waɗannan dabbobi shi ne babu wadda ta tsere wa barci. Sun lanƙwasa shi, sun gutsura shi, sun ɗage shi zuwa wani lokaci, wasu sun raba shi tsakanin ɓangarorin ƙwaƙwalwa, duk don yunwa ko tsoro ko haihuwa sun tilasta musu, kuma jikinsu ya ɗauki zuriya bayan zuriya yana daidaituwa da hakan. Har abin da ba shi da ƙwaƙwalwa ma yana yi. A 2017 wasu ɗalibai uku masu neman digiri na uku a jami'ar Caltech suka gwada wani jelifish mai suna Cassiopea, wanda ke kwanciya a ƙasan ruwa yana bugawa kamar zuciya. Da rana yana buga kusan sau 58 a minti, da dare ya sauka zuwa 39. In aka janye abin da yake kwance a kai da dare, sai ya yi jim yana reto a ruwa kafin ya farga ya koma ƙasa. In kuma aka hana shi sakat da feshin ruwa cikin dare, kashegari sai ya wuni a sanyaye. Waɗannan su ne sharuɗɗa uku da masana ke bi kafin su kira abu barci: natsuwar da ake iya farkawa daga gare ta, raguwar jin abin da ke kewaye, da ramuwa in an hana. Jelifish ba shi da ƙwaƙwalwa, jijiyoyi ne kawai a warwatse a jikinsa, amma ya cika duka ukun. Abin da halitta ta riƙe tun daga wannan mataki har zuwa ɗan Adam, duk da cewa mai barci ba ya ci, ba ya tsaro, ba ya neman iyali, to ruwa ba ya tsami banza.

Mu dawo kan mutum. Ka san akwai mutanen da suke barci irin na fengwin? Muna ganinsu a asibiti. Su ne masu cutar ɗaukewar numfashi a cikin barci: maƙogwaro ya toshe, iska ta yanke, ƙwaƙwalwa ta zabura ta tashe su na 'yan daƙiƙoƙi, su ja numfashi da ƙarfi, su koma. Wanda abin ya yi wa tsanani yana yin haka sau 30 ko fiye a kowace awa, kuma da safe ba ya tuna ko ɗaya. Zai ce maka awa takwas ya yi a kan gado, ga shi yana gyangyaɗi a wurin aiki, ga ciwon kai da safe, ga hawan jini da ya ƙi jin magani. Gaskiya ne ƙarancin iskar ma yana da nasa laifin, amma an gwada tashin masu lafiya akai-akai a ɗakin bincike ba tare da an taɓa numfashinsu ba, su ma suka wayi gari a gajiye hankali a warwatse. Dalili shi ne barcinmu hawa-hawa yake tafiya. Sai an bi ta mara nauyi kafin a kai mai nauyi, sannan a shiga matakin da ido ke motsi a ƙarƙashin fata, inda aka fi yin mafarki, zagaye ɗaya kusan minti 90. Mai nauyin ya fi yawa a farkon dare, na mafarkin ya fi yawa a ƙarshensa. Ƙwaƙwalwar fengwin tana faɗawa mai nauyin nan take. Tamu ba a gina ta haka ba, kuma babu wani bincike da ya nuna horo yana canja wannan.

Yanzu ga maganarka ta cewa ba ka ga komai ba. A 2003 Hans Van Dongen da David Dinges na jami'ar Pennsylvania suka fitar da wani gwaji da har gobe nake ganin ya kamata kowane mai aikin dare ya san shi. Suka ajiye mutum 48 masu lafiya a ɗakin bincike. Wasu aka ba su awa 8 a kan gado, wasu 6, wasu 4, har kwana 14, wasu kuma aka hana su barci ɗungurungum na kwana uku don a sami abin kwatantawa. Jarrabawar ba ta da wuya ko kaɗan: ka zuba wa allo ido, da ka ga lamba ta fara gudu ka danna maɓalli. In ka wuce rabin daƙiƙa ba ka danna ba, an rubuta maka kuskure. Masu awa 8 suka tsaya yadda suke. Masu awa 6 kuwa kullum sai ƙara lalacewa suke, har a ƙarshen mako na biyu suka yi daidai da wanda ya kwana guda bai runtsa ba. Masu awa 4 suka kai matsayin wanda ya kwana biyu. Amma da ake tambayarsu yadda suke jin barci, sai ya zama a 'yan kwanakin farko ne kawai suka ce ya ƙaru, daga nan suka riƙa cewa ai sun saba. Jin gajiyar ya tsaya wuri ɗaya, kurakuran suna ta hawa. To ka ga, abin da za ka auna kanka da shi, wato ƙwaƙwalwar taka, ita ce ta gaji, shi ya sa shaidarta a kan kanta ba ta karɓuwa.

An ma leƙa ciki an ga yadda abin ke faruwa. A 2011, a jami'ar Wisconsin, Vladyslav Vyazovskiy ya hana ɓeraye barci ta hanyar sa musu sababbin abubuwan wasa, yana auna ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsu. Ɓera ido biyu, yana ta zirga-zirga, amma wasu ƙananan rukunan ƙwayoyi sai su yi ɗif na ɗan lokaci kamar yadda suke yi a barci. In hakan ya faɗa a sashen da ke sarrafa hannu daidai lokacin da ɓeran ke miƙa hannu ya ɗauki ƙwayar sukari, sai ya kuskure. Barci ɓarawo ne da gaske, kuma ba lallai ya sace ka gaba ɗaya ba. Gyangyaɗin daƙiƙa huɗun da kake sha'awa, ina kyautata zaton kana yin sa tuntuni ba ka sani ba: layin da ka karanta sau uku bai shiga ba, maganar malami da ta wuce ka ba ka san inda ta bi ba. A aji asarar kaɗan ce. A kan titi kuwa, motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin mita 111 a daƙiƙa huɗu.

Za ka iya cewa ai akwai masu gajeren barci na asali. Akwai su. Ying-Hui Fu ta jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko ta gano a 2009 wata uwa da 'yarta masu wani sauyi a ƙwayar gado mai suna DEC2, waɗanda barcinsu ya tsaya a kusan awa 6 da kwata, alhali sauran danginsu suna yin 8. An gano wasu ƙwayoyin gadon irin wannan daga baya. Amma irin waɗannan mutane ƙalilan ne ƙwarai, kuma haka aka haife su. Suna tashi da kansu ba agogo, ba sa ramuwa ranar hutu. Gwajin a hannunka yake: in ka sami hutun mako guda ba aiki ba jarrabawa, awa nawa kake yi? In ka ga kana zarcewa tara ko goma, to kai ba ka cikinsu, bashi ne ya taru. A ɗaya ɓangaren kuma, kada awa takwas ta zame maka abin fargaba. Da aka auna barcin mutanen Hadza na Tanzaniya, da San na Namibiya, da Tsimane na Bolibiya, waɗanda ba su da wutar lantarki, a 2015 aka ga ainihin barcinsu tsakanin awa 5.7 ne da 7.1, ko da yake lokacin da suke ɗauka daga kwanciya zuwa tashi ya kai 7 zuwa 8 da rabi. Shawarar likitocin barci ga baligi ita ce awa 7 zuwa sama. Kai kana huɗu zuwa biyar, kuma watakila lokacin kwanciya ka ƙirga, ba na barcin ba.

Sai batun wanke ƙwaƙwalwa. Ƙwaƙwalwa da laka a cikin wani ruwa garai-garai suke. A 2012 ɗakin binciken Maiken Nedergaard a jami'ar Rochester ta Amurka ya nuna cewa a ɓeraye wannan ruwa yana bin gefen jijiyoyin jini ya kutsa cikin naman ƙwaƙwalwa ya fito da datti. A 2013 suka ƙara da cewa in ɓera ya yi barci, sararin da ke tsakanin ƙwayoyin ƙwaƙwalwarsa yana buɗewa da kashi 60 cikin ɗari, kuma wani furotin mai suna amiloid, wanda ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu cutar mantuwa ta Alzaima, yana fita da sauri ninki biyu. Labari ne mai daɗin ji da sauƙin faɗa, nan da nan ya karaɗe duniya. A 2019 Laura Lewis a Boston ta sa mutane barci a cikin na'urar hoton ƙwaƙwalwa, aka ga ruwan yana tunkuɗowa kamar kowace daƙiƙa 20 a lokacin barci, yana biye da sauyin jini da na wutar ƙwaƙwalwa. A Oslo kuma, a 2021, aka ga wani sinadarin da ake sa wa marasa lafiya don ɗaukar hoto ya fi daɗewa a ƙwaƙwalwar waɗanda aka hana barci dare guda.

Ana nan sai a 2024 Nick Franks da Bill Wisden na kwalejin Imperial da ke Landan suka fito da akasin haka a mujallar Nature Neuroscience. Su a nasu ɓerayen, rinin da suka sa ya fi saurin fita a farke. A barci fitarsa ta ragu da kusan kashi 30, a ƙarƙashin maganin sa barci na tiyata kuma da kusan kashi 50. Wannan ne ka ga an ce ya rushe maganar. Tushen saɓanin yana wurin da aka zuba rinin da abin da aka ƙirga. A yawancin gwajin ɓangaren farko, cikin ruwan da ke kewaye ake zuba shi a ga yawan wanda ya shiga ƙwaƙwalwa. Na biyun cikin naman ƙwaƙwalwar suka tsira shi suna bin yadda yake raguwa. Ka ɗauka kwata ce aka zuba wa shuni, ka dawo ka tarar da shuni da yawa a tsakiyarta: wani zai ce ruwa ne ke gudu sosai ya kawo shi, wani ya ce a'a, ruwan ne ya tsaya shi ya sa bai wuce ba. 'Yan Landan suna cewa an yi wa yawan rinin gurguwar fassara. 'Yan Rochester suna cewa tsira allura da zuba ruwa cikin nama yana ɓata abin da ake son aunawa. A farkon 2025 ɓangaren Nedergaard ya sake fitowa a mujallar Cell da bayanin famfon da ke tura ruwan: wani sinadari mai suna norefinefirin yana hawa yana sauka kamar kowace daƙiƙa 50 a barci, jijiyoyin jini suna tsukewa suna saki tare da shi. Suka kuma ce maganin barcin nan zolpidem yana dushe wannan bugu a ɓeraye.

Ra'ayina shi ne hanyoyin ruwan suna nan, kuma motsinsa yana canjawa a barci, wannan kam ya tsaya da ƙafarsa. Cewa wankin shi ne babban dalilin barci, ko cewa shi ke kare mutum daga cutar mantuwa, wannan an yi gaggawar shelanta shi. Binciken da aka fi kafa hujja da shi a kan mutane shi ne na ma'aikatan gwamnatin Birtaniya 7,959 da aka bi kusan shekara 25, wanda ya fito a 2021: waɗanda suka dawwama a kan awa 6 ko ƙasa daga shekara 50 zuwa 70 sun fi shiga haɗarin cutar mantuwa da kashi 30. Amma cutar tana fara ɓarna a ɓoye shekaru masu yawa kafin a gane ta, kuma ita kanta tana lalata barci, saboda haka raba sanadi da alama yana da wuya. Kuma ka riƙa lura, duk sanda ka ga kanun labari irin wannan, ka fara neman sanin a jikin wa aka yi gwajin, su nawa ne, kuma me aka auna takamaimai. Rabin abin da na lissafa maka a nan a ɓera aka yi.

Alhamdu lillahi, ba sai an raba waccan gardama ba kafin a san abin da ƙarancin barci ke yi wa mai shekarunka. A wani gwaji da aka buga a 2015, an auna barcin mutum 164 na mako guda, sannan aka ɗiga musu ƙwayar cutar mura a hanci aka killace su kwana biyar. Masu barcin ƙasa da awa 6 sun fi masu sama da awa 7 kamuwa fiye da ninki huɗu. A wani gwajin na Chicago da aka buga a 2022, an raba masu ƙiba 80 masu gajeren barci gida biyu, aka taimaka wa rabi suka ƙara barcin sama da awa guda, sai ga shi abincin da suke ci ya ragu da kusan kalori 270 a rana ba tare da an ce musu su rage ba. Wanda ya fi shafarka shi ne na jami'ar MIT a 2019, inda aka ɗaura wa ɗaliban wani aji agogon auna barci zango guda. Yawan barci, da ingancinsa, da daidaiton lokacinsa sun bayyana kusan kashi ɗaya cikin huɗu na bambancin makinsu. Barcin daren jarrabawa shi kaɗai bai nuna wani tasiri ba. Na makonnin da ake koyon darasin shi ne ya yi aiki.

Ban ce ka bar aikinka ba, na san ba don marmari kake yi ba. Abin da zan ce shi ne ka daina ƙirga barcin dare kaɗai, ka riƙa ƙirga jimillar awa 24, ka nufi bakwai. Raba barci gida biyu ba laifi ba ne, kuma ya sha bamban da gutsura shi dubu goma. A Singafo an kwatanta matasa masu awa 6 da rabi a jere da masu awa 5 da dare da awa ɗaya da rabi da rana, sai masu rabawar suka fi natsuwar hankali, ko da yake sukarin jininsu ya fi hawa a gwaji, kuma duka rukunan biyu ba su kai masu cikakken barci ba. A birnin Chennai na Indiya ma, a wani gwaji da ma'aikata 452 masu ƙaramin ƙarfi, ƙarin kusan minti 27 na barcin dare mai yawan katsewa bai haifar da wani amfani ba, amma barcin rabin awa da rana a wuri mai shiru ya kyautata hankalinsu da walwalarsu. Saboda haka ranar da za ka shiga aikin dare, ka kwanta awa ɗaya da rabi da yamma kafin ka fita. In an yarda a wurin aikin, ka ɗan kishingiɗa minti 20 a tsakiyar dare, ka kuma ba kanka wasu mintoci magagi ya sake ka kafin ka taɓa inji ko wani abu mai haɗari. Da ka tashi aiki ka wuce gado, ɗaki ya yi duhu sosai, waya a nesa. Kofi da duk abin sha mai kafeyin ka tsayar da su aƙalla awa shida kafin kwanciya, domin an nuna ko a wannan tazarar, kafeyin mai yawa yana rage barci da kusan awa guda. In da hali, ka nemi a jera maka kwanakin aikin a haɗe, ka kuma riƙe wasu awoyi da kullum kake barci a cikinsu ko da aiki ko babu. Wani bincike a kan mutum sama da 60,000 a Birtaniya ya nuna daidaiton lokacin barci ya fi yawansa alaƙa da tsawon rai.

Kada ka sayi maganin barci da kanka don ka tilasta wa jiki barcin rana, kada kuma ka nemi ƙwayar hana barci don karatu. In waɗanda kuke kwana tare sun ce kana minshari mai ƙarfi har numfashinka yana ɗaukewa, ko ka ga ka sami awa bakwai ɗin na makonni amma har yanzu barci yana fizgarka da rana, to ka je ka ga likita a duba ka. Ranar da ka kwana a wurin aiki kuwa, kada ka tuƙa mota ko babur zuwa gida, ka bari wani ya kai ka.